Alluran Gilashi a Kuncina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa akwai 'yan matan aji guda a garin Kafanchan da ba za su bar ni ba. Yanzu wasunsu sun yi aure, wasu nas ne, ɗaya tana sarin citta, amma duk wadda ta hango ni a hanya sai ta fara dariya tun kafin ta gaishe ni.

Lokacin ina da wata biyu da samun aiki a wata sakandaren 'yan mata, a matsayin mai kula da lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: wanke kwalabe, goge tebura, jera kayan gwaji kafin ɗalibai su shigo. Amma shekara biyu na yi a gida bayan na gama difloma ina taya Mama tankaɗe da tsinkar barkono, saboda haka a wurina farar rigar lab ɗin nan ta fi rigar amarya. (To, ba ta fi ba. Amma ta kusa.) Sharaɗin shi ne za a gwada ni wata uku, sannan shugaban sashen kimiyya ya sa hannu a takarda in zama ma'aikaciya sosai. In ya ƙi sa hannu, in koma wa rariyar Mama.

Shugaban sashen kuwa shi ne Baba Dogara, malamin bayoloji, mutumin Zonkwa, dogon tsoho mai tabarau da igiya a wuya. Shi ya koyar da iyayen rabin ɗaliban makarantar. Ranar da na fara aiki doka ɗaya tak ya ba ni.

"'Yata, abin da yake na lab, a lab yake kwana. Ko tsinken ashana ne."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Wanda kika gada shi ma to ya ce. Sai ga kofunan gwajina biyu a kicin ɗin matarsa ana auna manja da su."

A kusurwar lab ɗin akwai wani kabad mai gilashi inda Baba yake ajiye dukiyarsa: maciji a kwalba, ƙoƙon kunkuru, ƙasusuwan jemage, sai wani abu mai ruwan ƙasa, girman ƙaramar gwanda, duk jikinsa huda-huda. Soson teku ne. Baba ya samo shi tun yana saurayi, lokacin da ya yi bautar ƙasa a bakin teku, wani masunci ya jawo shi a raga ya ba shi. Shekara talatin da wani abu yana zaune a wurin. Ɗalibai sai dai su leƙa ta gilashi, ni kuma ina da makulli ne don in riƙa kaɗe ƙura.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Tun ina ƙaramar sakandare nake karatun littattafan soyayya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a kan buhu a bakin kasuwa. Nakan sa musu bangon littafin waƙoƙin coci don kada Mama ta gane. A cikin littattafan nan babu jarumar da take wanka da soson da ake tsinkowa a jikin danga irin namu. A wanda nake karantawa a lokacin, yayan jarumar ne ya kawo mata soson teku daga ƙasar waje, ta yi wanka da shi sau ɗaya, fatarta ta yi irin laushin da ya sa saurayin ya manta inda ya ajiye motarsa. Na karanta shafin nan ya fi sau goma. Kullum kuma in na zo kaɗe ƙura, ga soson teku na gaske yana kallona ina kallonsa.

Sai aka sa ranar sen-fot ɗin ƙawata Rifkatu a Kagoro, wato bikin sallamar amarya da danginta suke yi mata kafin ɗaurin aure. Ni ce zan tsaya a gefenta in riƙe tiren karɓar kyaututtuka, gaban kowa da kowa. Wanda zai kaɗa kibod a wurin kuma shi ne Ishaya, wani ɗan Gwantu da ke cikin mawaƙan cocinmu. Sau biyu Ishaya ya taɓa yi mini magana a duniya. Na farko ya ce, "Sannu da zuwa." Na biyu ya ce, "Sista, matsa kaɗan, kin taka waya." (A cikin kaina kuwa mun riga mun haifi uku, ina ta rigima da shi a kan sunan na huɗun.)

Ranar Juma'a da aka tashi, na tsaya kamar ina wanke kwalabe har lab ya zama ni kaɗai. Na buɗe kabad, na ɗauki reza, na yanko ɗan guntu daga bayan soson, bai fi kwalin ashana ba. Na juya wurin yankan ya kalli bango. Na gaya wa kaina ba sata ba ce, aro ne, tunda zan dawo da shi in liƙa. Ko a lokacin na san ƙarya nake yi wa kaina, amma ƙarya ce mai daɗin ji.

Da safiyar Asabar na jiƙa shi a ruwan ɗumi. Ya ɗan saki, ya kuma tashi da wani wari kamar na busasshen kifi. Da na taɓa shi na ji kaushi, ba laushin da littafi ya yi alkawari ba. Mai hankali a nan za ta tsaya. Ni kuwa na ce ai haka kayan waje suke, da ƙarfi suke aiki. Na shafa sabulu na goge kuncin dama ina ƙirga har hamsin, na goge na hagu har hamsin don kada wani ya fi wani kyau, na bi goshi da haɓa. Na ɗauraye, na shafa hoda, na sa ankona, na ɗaura kallabi, na hau mashin sai Kagoro.

Tun muna hanya na fara jin tsikara a fuska. Na ce iska ce. Da muka isa, an kafa rumfuna a gindin dutse, matan zumunta suna ta kaɗa tulunansu suna rera waƙa, na ji tsikarar ta zama ƙaiƙayi, irin wanda ake ji in an shiga rumbun dawa ba riga. Na tsaya a gefen amarya da tire a hannu biyu, ba halin susa. Ina murmushi, hawaye na taruwa. Mutane suka ɗauka kukan rabuwa da ƙawa nake yi, har wata ta dafa ni ta ce, "Ki yi haƙuri, Kaduna ba nisa."

Rifkatu ce ta fara juyowa ta dube ni. Ta cikin mayafinta ta ce, "Ke, fuskarki!"

Kafin in amsa, Mama Kuyet, shugabar zumuntar mata, ta iso gabanmu da rawa tana ɗauke da kwanon acca. Ta ajiye kwanon, ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu kamar mai duba doya a kasuwa. Mama Kuyet ba ta iya raɗa ba, ko a cikin coci.

"Wayyo, yarinya, me ya samu fuskanki haka? Ya kumbura kamar fanke!"

Wata daga baya ta ce, "Man bilicin ne, ba wani abu ba."

Mama Kuyet ta tafa hannu. "Yaran yanzu! Allah ya ba ku baƙi mai kyau, ku ce sai fari. Uwarki ta sani?"

Na buɗe baki zan ce wallahi ban taɓa shafa bilicin ba, sai na tuna tambayar da za ta biyo baya ita ce, to me kika shafa? A cikin matan nan akwai iyayen ɗalibanmu, akwai matar wani malami. In na faɗi gaskiya, kafin Litinin labari ya isa kunnen Baba Dogara. Sai na sunkuyar da kai na karɓi laifin da ban yi ba don in ɓoye wanda na yi.

Ishaya kuwa ya lura da ni a ranar, ba zan ce bai lura ba. Da aka yi hutun kiɗa ya taho har inda na ɓuya a bayan rumfa, da ledar ruwan sanyi a hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Sista, ƙudan zuma ne? Mu a Gwantu manja muke shafawa." Sannan ya kira ni da sunan ƙanwata, ya koma wurin kibod ɗinsa.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Mama ta shafa mini man kaɗe, abin ya ƙaru. Ko gefen zani ya taɓa kuncina sai in ji kamar an watsa mini ƙananan ƙayoyi. Na duba madubi ban ga komai ba sai ja da kumburi da ƙananan ƙuraje. Mama ta ce mu je kemis, na ƙi, don shi ma mai kemis zai tambaya. Na wuni ina tunanin abu biyu: ko haka fuskata za ta zauna har abada, da kuma yadda zan liƙa guntun soson nan kafin Baba ya shigo.

Litinin da sassafe na isa makaranta da takunkumi a fuska da gyale a bisa, guntun soso a naɗe cikin leda a jakata, da ɗan gam. Ban yi sa'a ba. Baba Dogara ya riga ni, yana tsaye gaban kabad, hannayensa a baya.

Bai juyo ba ya ce, "Sosona ya juya wa duniya baya."

Na ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Shekara talatin babban ramin nan yana kallon ƙofa. Yau yana kallon jemage." Ya buɗe kabad, ya juyo da soson, ya ɗora tabarau ya duba wurin yankan. "Ɓera ba ya riƙe reza." Sai a lokacin ya dube ni. "Mura kike yi?"

"E, Baba. A'a, Baba."

"Cire abin nan in gani."

Na cire. Ya daɗe yana kallona. Ya sauke tabarau, ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ce shi ke nan, tsoho ya fusata har jikinsa na ɓari. Na zube a gwiwa na fara zuba: littafi, jaruma, sen-fot, reza, ruwan ɗumi, hamsin-hamsin. (Ishaya kaɗai na cire daga labarin.) Na ciro ledar na ɗora a tebur. Da ya juyo sai na ga hawaye yake sharewa. Dariya yake yi.

"Wanka kika yi da shi?"

"Fuska kawai, Baba."

"To mun gode wa Allah da ya tsaya a fuska. Tashi, 'yata, tashi."

Na tashi. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an kashe fitila.

"Kin san dokata."

"Na sani, Baba."

"Kin kuma san takardarki tana cikin durowata." Ya zauna ya haɗa yatsu. "Hanya biyu ce. Ko mu je ofishin Firinsifal yanzu da soson da ledar, in faɗi abin da na gani. Ko kuma ki ara mini kuncinki na minti goma. Ina da 'yan aji huɗu bayan tara. Tun kafin a haife ki nake zana musu abin da ke cikin soson nan a allo, don na kasa sa masa wuƙa. Ke kin sa masa, kin kuma kawo mini samfur a fuska."

Ban gane me yake nufi ba, amma na gane ofishin Firinsifal. Na ce na zaɓi ta biyun.

Da 'yan matan suka shigo suka same ni zaune a kan doguwar kujera a gaban aji, fuskata a buɗe. Aka fara ƙus-ƙus. Baba ya buga tebur ya ce, "Yau Anti za ta taimaka mana da gwaji." Ya yanko selotef, ya manna a kuncina na dama, ya danna a hankali, ya ɓare. Na ji zafi da daɗi lokaci guda. Ya manna selotef ɗin a ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin maikiroskof, madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ya murɗa, ya murɗa, sai ya ce, "Yauwa!" da irin muryar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce su yi layi.

Suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya yana bayani. Abu na farko da ya faɗa shi ne soson teku ba tsiro ba ne kamar na danga, dabba ce. Tana manne a dutse a ƙarƙashin ruwa tana tace abincinta, wannan da muke gani a kabad ƙwarangwal ɗinta ne bayan ta mutu. (A nan na rufe ido. Wato da ƙashin gawa na yi kwalliyar biki.) Ya ce ba da abu ɗaya dukansu suke gina ƙwarangwal ba. Wasu da zare mai taushi suke yi, sunansa sifonjin, ɗan'uwan abin da ke cikin jijiya da fata. Wanda ya zama zaren nan zalla, shi ne ake wanka da shi. Wasu da irin sinadarin ɓawon ƙwai suke yin ƙananan allurai. Wasu kuma, su ne ma suka fi yawa, da silika suke yin alluransu, wato abin da ake yin gilashi da shi.

"To namu wane iri ne? Ba za mu yi gardama ba, za mu tambaye shi."

Ya zuba binega, ruwan nan mai tsami, a kwalba biyu. Ya jefa ɓawon ƙwai a ta farko, nan da nan ƙananan kumfa suka lulluɓe shi. Ya gutsuro daga guntun da na sato ya jefa a ta biyu. Shiru, ko kumfa ɗaya. Ya ce, "Kun gani? Ba dangin ƙwai ba ne." Ya sake gutsuro wani ya sa a ruwan bilic na wanki. Kafin a kaɗa ƙararrawa zaren ya narke, sai wani farin gari ya kwanta a gindin kwalbar. Ya ɗaga ta ga haske. "Wannan garin gilashi ne. Allurai ne, ba su ƙirguwa. Irinsu ne a fuskar Anti."

Na ɗauka na tsira. Sai wata yarinya a layin gaba, mai suna Zigwai, ta ɗaga hannu.

"Sa, to yaya aka yi suka shiga fuskan Anti?"

Baba ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Bai dube ni ba ya ce, "Anti ce za ta amsa wannan."

Da zan iya cewa kaɗe ƙura nake yi ya faɗo mini. Na tabbata da na faɗa, Baba ba zai ƙaryata ni a gabansu ba. Amma ya ci gaba da goge tabarau ɗin nan a hankali, na gane jira yake yi. Sai na ce, "Yanka na yi na kai gida na goge fuska da shi. Na karanta a littafi wai yana sa fata laushi."

Sai aji ya fashe da dariya. Wata ta kwanta a kan tebur, wata ta riƙe ciki tana cewa wayyo Yesu. Daga can baya wata murya ta ce, "Anti, saboda wane bros?" Aka sake fashewa. Fuskata dama ja take, don haka ba wanda ya ga ƙarin.

Da suka fita, Baba ya ce, "Zo ki ga abinki." Na sa ido a maikiroskof. Gaskiya ban yi zaton haka ba. Siraran allurai ne garai-garai kamar ƙanƙara, wasu tsini biyu, wasu da ɗan kai kamar fil, sun watsu a cikin haske suna ƙyalli. Kwana biyu suna gana mini azaba, ga shi kuma ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba. Har na fara tsara yadda zan kwatanta su a raina, sai kuncina ya tsikare ni na dawo hayyacina.

Ragowar aikin nas ɗin makaranta ce ta yi. Ta bi fuskata da selotef gaba ɗaya, tana manna tana ɓarewa tana tsaki, ta ba ni wani mai ta ce kada in ƙara shafa komai a kai. Kwana uku kumburin ya sauka. Da mako ya zagayo fatar ta ɗan saɓule, ta dawo daidai yadda take a da, ba ƙari ba ragi. Ban taɓa murnar ganin tsohuwar fuskata haka ba. Na tsaya gaban madubi na ce mata sannu da dawowa.

Takardar ce dai ta hana ni sakewa. Baba bai sake ta da maganar ba, ni kuma ban isa in tambaya ba. Kullum in ya buɗe durowa sai in zuba ido, sai in ga alli ya ɗauko. Ranar Juma'ar ƙarshen wata ina wanke kwalabe ya kira ni. Takardar tana kan tebur, biro a hannunsa.

"Laifi kin yi shi, kada ki ɗauka na manta," in ji shi. "Amma an tambaye ki a gaban yara kin faɗi gaskiya, alhali ƙarya tana kusa. Mai lab da za ta ce ni na fasa, ita nake nema." Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na kai hannu biyu zan karɓa, sai ya buɗe ɗaya tafin nasa. "Makullin kabad. Zai zauna a aljihuna har Kirsimeti."

Na ba shi da sauri. Da ya ce har tashin duniya ma da na ba shi. Na fita bayan lab na zauna a kan dakali, na yi ta dariya ni kaɗai da takarda a ƙirji har mai gadi ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Har yau ina lab ɗin, kuma har yau in sababbin ɗalibai suka zo sai an nuna musu ni daga nesa ana raɗa Anti Silika. Na daina jin haushi. Abin da na koya dai shi ne, in kin ga abu ya shekara talatin a kulle bayan gilashi ba wanda ya taɓa shi, ba ke yake jira ba. Akwai dalili, kuma tambayar dalilin ta fi sauƙi a baki fiye da a kunci.